Mummunan Kuka a Tsamiyar Garin Baba

Litinin, 6 ga Agusta 2007, da hantsi, Nguru

Kai mai leƙa min littafi, tunda ka leƙa, amsa min: ka taɓa karanta saƙon tes idonka a rufe? Gwada. Ɗauko wayarka, runtse ido, jira ta yi ɗan ƙiit ɗin nan, sannan ka gaya min ko budurwarka ce, ko masu tallar kiɗa ne, ko kuwa cewa aka yi ruwa na tafe ka gudu. Ba ka sani ba ko? To yayata Kaltum ma ba ta sani ba. Bambancinku, kai yanzu ka buɗe idonka, ita kuwa tun ƙyandar da ta yi tana ƙarama ba ta sake ganin komai ba.

Ni ne Hizbullahi, mai rumfar gyaran waya da caji a bakin tashar jirgi. Ban zauna a aji ba. A jaridar da ake ƙunshe ƙosai da rubutun jikin taragu na koyi karatu, don haka kada wani ya zo yana gyara min baƙaƙe.

Dauda mijin Yaya ya zo da safe daga Garin Baba, can bayan Katuzu, ya kawo bandar kifi da wayoyin mutanen garin a buhu in yi musu caji. Ya ce kogi ya fara tasowa. Na ce ya turo min Yaya ta zauna wurina har ruwa ya janye. Ya ce ya faɗa mata, ta ce ba inda za ta.

Ban tambaye shi dalili ba. Na sani.

Laraba, 8 ga Agusta, bayan Azahar, Gashuwa

Na rufe rumfa na hau mota na zo ofishin aikin fadama. Su ne masu aika gargaɗi: masu duba ma'aunin ruwa a can saman kogi su bugo musu, su kuma kwamfuta ta watsa tes zuwa ƙauyuka. Shugabansu Alhaji Abdulbaƙi, mai rumfunan hatsi, ya bar ni a tsaye kamar na zo roƙo.

Na ce, "Alhaji, saƙonku makaho ba ya ganinsa."

Ya ce, "To ya ba mai ido ya karanta masa mana."

Na ce, "In mai idon yana kasuwa fa? In yana gona? In ma yana nan amma bai iya karatu ba?"

Ya ce, "Yaro, kai ɗan gidan waye? Bara ma mun aika saƙo a kan lokaci. Ya fita daga nan, kwamfuta ta nuna."

Bara. Na juya na fita.

A baranda wata ta biyo ni, sanye da wandon 'yan bautar ƙasa da dogon hijabi. Shuhada, daga Kano, ita ce aka ɗora wa kwamfutar ofishin bana.

Ta ce, "Malam mai faɗa, tsaya. Masifa ka zo yi ko gyara?"

Na ce, "Duka biyun."

Ta ce, "To ka gama ta farkon. Kai ni in ga makauniyar."

Na ce sunanta Kaltum. Ta ce, "Kai ni in ga Kaltum."

Alhamis, 9 ga Agusta, da yamma

"Ya fita daga nan." Ya fita ya je ina?

Lahadi, 12 ga Agusta, bayan La'asar, Garin Baba

Na aro mashin na ɗauko Shuhada. Ta faɗi a taɓo sau ɗaya, ta ce laifin tuƙina ne, na ce laifin takalmin gwamnati ne.

A Garin Baba sabis wuri ɗaya yake kamawa: tsamiyar kan jigawa. Kowa ya buga ƙusarsa a jikinta, ya saka wayarsa a safa ya rataye, ya tafi gona. Yaya kuma nan take wuni tana saƙar tabarmar kaba. In waya ta yi kuka, ta san ta waye ce, sai ta ɗaga murya: "Falmata, taki ce!" Gari ya daɗe da mayar da ita ofishin waya.

Shuhada ta tsuguna ta gaishe ta, ta ce, "Yaya, in tes ya shigo fa?"

Yaya ta ce, "Ƙiit. Na kowa ƙiit. Ai su tes ba su da murya, 'yar nan."

Ta ci gaba da saƙa. Hannunta bai tsaya ba, amma na ga ta tsallake zare ɗaya.

A hanyar komawa muka tsara abin, muna ihu saboda ƙarar mashin. Shuhada ta ce za ta iya rubuta wa kwamfutar umarni, ta jona mata waya da igiya, ta riƙa kiran lambobi ɗaya bayan ɗaya, ba filashin ba, kira na sosai, tana maimaitawa har sai an ɗauka. Ni kuma in shiga kowace wayar garin in ba lambar ofis kiɗanta na daban. Duk wanda ya ji kiɗan, ko makaho ne ko bai san bihim ba, ya san ruwa ne.

Ina ta murna, sai ta ce, "Mutumin nan da muka wuce da shanu, na yi masa sallama bai amsa ba."

Na ce, "Bappayo ne, kurma ne."

Ta ce, "To shi da wane kunne zai ji kiɗan naka?"

Wallahi ban taɓa tuna shi ba. Na ce mata ta daina yi min magana ina tuƙi.

Talata, 14 ga Agusta, da hantsi, Nguru

Na haɗa kiɗan! Da maɓallan waya na tsara shi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai dasa albasa. Yana hawa, ya sauko, ya ɗan yi rawa a tsakiya. Mai shayin gefena ya ce in sake saka masa. Wani direba ya tsaya har fasinjojinsa suka fara zagi. Ni Hizbu da ba a koya wa komai ba.

Maganar Bappayo: doguwar gora a ƙololuwar tsamiya, da igiya, da jan zane. In kiɗa ya tashi, wanda ke gindin bishiya ya ja igiya. Daga fadama ana hango kan tsamiyar. Shuhada ta ce saƙo ɗaya, hanya uku: kunne, ido, rubutu. Na ce ai ni na fara tunanin zanen. Ta ce, "Bayan na tuna maka akwai kurame a duniya."

Juma'a, 17 ga Agusta, bayan La'asar, Garin Baba

Gwaji. Mun sanar da mai gari da kowa tun jiya. Na bi wayoyin nan kaf na saka kiɗa, na ɗiga ƙaro a kan maɓallin ɗauka, ya bushe ya yi tsini yadda yatsa zai same shi ba lalube. Na hau tsamiya na ɗaure gora, cinnaku suka ci rabonsu a cinyata.

Shuhada tana Gashuwa ta danna. Wayar Dauda ta fara, sai ta Falmata, sai ta mai gari, bishiya ta ɗauka gaba ɗaya kamar gidan biki. Yaya ta miƙe, ta kama igiya, ta ja. Jan zane ya hau sama. Can ƙasa Bappayo ya ɗaga sandarsa da hannu biyu yana tsalle kamar yaro.

Yaya ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun kafin bara.

Ina ma Alhaji yana nan in ga fuskarsa.

Laraba, 22 ga Agusta, da rana tsaka

Allah ya isa tsakanina da Alamin mai cajin waya na bakin tashar Gashuwa.

Laraba, bayan Magariba

Bari in rubuta a tsanake ko zuciyata ta sauka. Samarin Garin Baba sun kai masa caji, ya ji kiɗana, ya kwafe, ya shiga saka wa duk wanda ya zo. Yanzu rabin Gashuwa da shi suke yawo. Wani saurayi a Garin Baba ya mayar da shi kiɗan kowane kira a wayarsa. Yau da hantsi ɗan'uwansa ya bugo daga Jajimaji yana tambayar kuɗin akuya. Yaya ta ji, ta ja igiya. Gari ya watse: mata da tukwane a ka, tsofaffi a kan jakuna, Bappayo ya koro shanu ta cikin gonar wake. Suka taru a jigawa suna jiran ruwa, rana na dukansu, kogi kuwa yana kwance abinsa.

Na je wurin Alamin. Ya ce, "Haba Hizbu, kiɗa mai daɗi ai na jama'a ne. Kai ka ce a yi shi da daɗi?" Da ba a riƙe ni ba da yanzu ina ofishin 'yan sanda.

Mai gari ya aika ƙara ofis. Alhaji ya kira Shuhada ya ce a cire wannan wasan yaran, a koma tes kamar yadda aka tsara daga sama.

Mai gonar waken ya tsaya a kan Yaya yana cewa makauniya ta haukata gari. Dauda ne ya gaya min. Ta ce masa, "Gara in tashe ku a banza."

Alhamis, 23 ga Agusta, da safe

Kogi ya shafe mashigin shanu. Na aika a ce Yaya ta zo Nguru. Ba ta zo ba.

Asabar, 25 ga Agusta, da hantsi, Garin Baba

Na same ta a gindin tsamiya, igiya a naɗe an ɗaure ta can sama inda hannunta ba zai kai ba. Na zauna ina zage-zage: Alamin, Alhaji, mai wake, har cinnaku.

Ta ce, "Auta, ka gama?"

Na ce ban gama ba.

Ta ce, "Laifin kiɗanka ne. Ya cika daɗi. Ni kaina in na ji shi sai in ji kamar in taka. Wa ya ce maka ruwa daɗi gare shi? Yi min mummuna. Wanda ko mahaukaci ba zai so a ji shi a aljihunsa ba."

Nan na zauna na fara. Duk wanda na yi sai ta ce da sauran kyau. Na yi mai kama da kukan jaki, ta ce jakin mai gari ya fi shi muni. A ƙarshe na haɗa sauti biyu masu tsini da ba sa jituwa, suna sara suna komawa, ba hawa ba sauka. Kare ya tashi ya bar wurin. Falmata ta leƙo ta katanga ta ce, "Wane la'ananne ne wannan?"

Yaya ta toshe kunne ta ce, "Shi ne."

Litinin, 27 ga Agusta, bayan Azahar, Gashuwa

Shuhada ta ƙara wani abu da ni ban iya ba: in an ɗauki kiran, murya za ta yi magana, don kada a sake gudu a kan zato. Ba muryar, ba jan igiya. Ta ce muryar wa? Na ce ta wanda garin ya saba ji yana kiransu.

Na kawo Yaya ofis a mashin. Shuhada ta ba ta abin magana ta ce ta faɗa da Hausa, ta sake da Badanci, yaren garin: ruwa na tafe, ku hau jigawa. Masinjan ofis zai yi na Barbarci.

Yaya ta faɗa. Na'ura tana nan tana ta ɗauka. Sannan ta ce, "Ku fara da yaran da ke tsaron tsuntsu a gonar shinkafa. Ku fara da su."

Shuhada ta dube ni. Na dubi taga.

Alhaji ya shigo ana cikin haka. Na buɗe baki, Shuhada ta taka min ƙafa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, tes ɗinka yana nan, ba a taɓa shi ba, shi zai fara fita. Wannan rakiya ce kawai." Ya dubi Yaya ya daɗe. Ina jin ya gane ko wace ce. Ya ce, "Ku yi. Amma ba da sanina ba, in ya sake ɓaci ku kuka sani."

Na saka wa Alamin sabon kukan a kunne na ce ya kwafa. Ya ce ko kyauta ba ya so.

Laraba, 29 ga Agusta, da yamma

Na sake bin wayoyi na saka sabon kukan. Na kwance igiya na sauko da ita daidai kafaɗar Yaya. Mai wake ya ce in aka sake tashinsa a banza zai sare gorar. Na ce ya sare, in dasa ta a tsakar gidansa.

Ba ta zo ba. Na daina aikawa.

Alhamis, 30 ga Agusta, da rana

Hadari ta gabas. Na gyara waya ɗaya na ɓata biyu.

Juma'a, 31 ga Agusta

Dole in rubuta wannan.

Ina sahu a masallacin Juma'a nan Nguru, liman na huɗuba, sai mummunan kukan ya tashi a aljihuna. Shuhada ta saka lambata a ƙarshen jerin kira, ni kuma na manta ban kashe waya ba. Sahu uku suka juyo. Wani dattijo ya ce, "A'uzubillahi!" Na ɗauka. Muryar Yaya: ruwa na tafe.

Sai na tuna abin da Juma'a take nufi a can. Duk mazan Garin Baba suna Katuzu sallah. Garin ba kowa sai mata, da tsofaffi, da yara a gonar shinkafa, da makauniya, da kurma.

Ana sallamewa na fizgi mashin ɗin mai shayi ban ko tambaye shi ba. Hanyar nan ban san yadda na yi ta ba. Bayan Katuzu ruwa ya riga ya sha hanya, na jingina mashin na shiga da ƙafa, ga mazan garin a gabana suna ta kutsawa. Dauda yana gaba, ko hula babu.

Muka fito daga cikin ciyawar kacalla, sai ga shi can sama. Ja. Yana kaɗawa a kan tsamiya.

Jigawa cike. Awaki, tukwane, buhuna, shanun Bappayo sun kewaye bishiya. Yara suna ta guje-guje kamar ranar sallah. Dauda ya bi su yana taɓa kan kowanne, har waɗanda ba nasa ba. Mata suka ce ba wanda ya rage a ƙasa. Ba ko ɗaya!

Falmata ta ba ni labari tana haki. Kuka ya tashi, Yaya ta lalubo safa, ta sami ƙaron, ta danna, ta ji muryar kanta. Ta ja igiya, ta shiga kiran mata da sunayensu gida gida. Yaran gona sun yi nisa, ga ƙarar gwangwanayen korar tsuntsu, ba mai jin kira. Bappayo ne ya ga zane. Ya bi gonakin nan da sanda ya koro yaran tare da shanunsa, har da ɗan mai wake a kafaɗarsa. Suna hawowa ruwa yana shiga shinkafa.

Na sami Yaya zaune, igiya naɗe a hannunta har ta yi mata shaida. Na ce ta saki, an gama. Ta ce, "Auta, ashe muryata haka take da tsiwa?"

Na yi ihu a kan jigawar nan har muryata ta dushe. Ban ji kunyar kowa ba.

Asabar, 1 ga Satumba, da hantsi

Shinkafar ƙasa ta tafi, da ɗakuna na bakin fadama. Rai ko na kaza bai tafi ba.

Mai wake ya zo ya tsuguna gaban Yaya, ya ajiye mata ƙwaryar nono ya tashi. Bappayo ya kama hannunta ya ɗora a kan sandarsa. Ita ba ta ganinsa, shi ba ya jinta, suka zauna haka suna ta murmushi.

Shuhada ta bugo, na ce mata injiniya. Ta ce, "Yau kuma? Ba takalmin gwamnati?"

Lahadi, 2 ga Satumba, da yamma

Muna zaune, Yaya na saƙa, sai ta ce, "Da bara akwai wannan, da Haula ta isa ɗaukar min kaba yanzu."

Shekara guda ba wanda ya faɗi sunan a gabanta. Ni ma ban taɓa rubuta shi ba. Haula. 'Yarta. Tana gonar shinkafa, wayar tana hannun uwarta, ta yi ƙiit.

Ta ce, "Kabarinta na nan bayan tsamiya, ka daina aiko min in zo Nguru." Na ce na daina.

Laraba, 5 ga Satumba, bayan Azahar, Gashuwa

Ƙauyuka sun fara aiko wayoyinsu a buhu a saka musu mummunan kuka, har daga Karasuwa. Alamin ma ya zo koyo, na sa shi ya ɗiga ƙaro har yatsunsa suka manne.

Amma Shuhada za ta gama bautar ƙasa ta koma Kano. Na tambayi Alhaji wa zai riƙe kiran bayanta. Ya ce ba ya cikin tsarin da aka turo daga sama, za a duba. Kuma ranar kasuwa mai zuwa zai tara masu gari a filin ofis ya yi jawabin yadda aka tsira.

To Alhaji Abdulbaƙi, ina zuwa. Zan zo da Yaya a mashin, Bappayo zai zo da sandarsa, Shuhada ta ce ita za ta riƙe lasifika. Ba a ofis za ka amsa min ba, ba a baranda ba, ba ta bakin masinja ba. A filin nan, gaban masu gari, da Hausar da kowa ke ji, kuma mai yi wa Bappayo nuni da hannu yana tsaye kusa da kai. Wa ya zauna ya yanke cewa gargaɗin ruwa sai mai ido mai karatu? Kuma baɗi, in kogi ya taso, tsamiyar Garin Baba za ta yi kuka, ko ƙiit za ta yi?

Kaltum za ta zauna a sahun gaba. Ita za ka kalla ka faɗa.